Unguwar da Iya ta gina a baranda

Tunda babban ɗana ya sako ni gaba da maganar in rufe gidan nan in koma wajensa a Abuja, ba na iya kallon kwandon da ke rataye a bayan ƙofar kicin ɗina gabana bai faɗi ba. Kwandon kaba ne irin na Masar, da doguwar igiya ɗaure a hannunsa, ya tsufa har gindinsa ya fara warwarewa. Jikokina sun ɗauka na ajiyar albasa ne, ni ma ban taɓa gyara musu ba. Na wata tsohuwa ne 'yar ƙasar Holan da muka yi maƙwabtaka a Alkahira, lokacin da maigidana, Allah ya jiƙansa, yake aiki a ofishin jakadancinmu. Ni kuma a lokacin ina da sauran ƙarfin gwiwa da kaifin baki, ina ganin babu abin da ban sani ba a zaman duniya.

A unguwar Muhandisin aka ba mu gida, can sama a wani dogon bene. Ni da na tashi a gida mai tsakar gida, inda ko tari kika yi maƙwabciya za ta ce miki sannu ta kan katanga, sai ga ni a rataye tsakanin sama da ƙasa, ƙofa na kallon ƙofa amma kowa ya datse tasa. Baranda ce ta zame mini tsakar gida. A nan nake shanya, a nan nake tsince shinkafa, a nan nake baza kuka da busasshiyar kuɓewar da na zo da su don su sha iska. Daga nan na koyi garin da kunne kafin in koye shi da ƙafa. Da sassafe mai ful, waken nan nasu da ke kwana a kan wuta, zai girke kurarsa a kan kwana. Can mai iskar gas zai biyo yana buga sifana a jikin tukunya, sai mai sayen tsofaffin kaya da jakinsa yana jan murya kamar an yi masa mutuwa. In lokacin salla ya yi kuwa, masallatai ne ke amsa wa juna ta kowace kusurwa. Abin da ya fi ba ni mamaki kwanduna ne. Matar Masar ba ta sauka don gurasa ko tumatir, sai ta leƙo ta ƙwala kira, ta zuro kwando da igiya, a zuba mata ta janye. Yau jikata tana latsa waya a kawo mata abinci har ƙofa, ba ta san sunan wanda ya kawo ba, ba ta san muryarsa ba. Su waɗancan sun san mai gurasarsu har ciwon ƙafar uwarsa.

Barandar da ke manne da tawa ta tsohuwar ce. Doguwa ce busasshiya, farin gashi yanke iya wuya, ga idanu irin na mage. Ta auri wani likita ɗan Masar tun tana budurwa, ta biyo shi, ta musulunta a hannunsa, ta haifi ɗa guda, ta binne mijin a garin, ba ta koma ba. 'Yan unguwa suna kiranta Ummu Yusuf, ni kuwa Iya na sa mata, ita tana ce mini binti, wato 'yata. Daddawa ce ta haɗa mu. Ina cikin kaɗa miya wata rana aka buga ƙofa, na buɗe na ganta tsaye ta toshe hanci. Ba sallama ba gaisuwa ta ce, “Me ya mutu a gidanki?” Raina ya ɓaci, amma na tuna ta haife ni, na haɗiye. Da na kwashe tuwo na zuba a kwano na kai mata, da niyyar in kunyata ta. Ba a jima ba ta dawo mini da kwanon a wanke fes, babu ko ƙwayar dabino a ciki, ta ce abin ya fi daɗi a baki fiye da a hanci, gobe in ƙara mata miya. Na ce wa maigidana, “Alhaji, yau na haɗu da wadda ba ta san kara ba.” Ya ce, “To, kin samu daidai ke.”

Sannu a hankali na gane ba rashin mutunci ba ne, haka mutanensu suke, abin da ke cikinsu shi ne a bakinsu. In kika je gidanta za ta haɗa miki gahawa, ta buɗe gwangwanin biskit ta miƙo miki, kina ɗaukar ɗaya ta rufe ta mayar saman kabad. Ranar farko na zaci wasa take. Ba a kuma zuwar mata kai tsaye, sai an sa rana da lokaci, ko da ƙofarki tana shafar tata. Ni kuwa kakata ta rene ni a kan cewa zumunci a ƙafa yake, kuma wanda sai ya nemi izini kafin ya leƙo ki ba maƙwabci ba ne, ɗan haya ne kawai. Don haka nake afka mata duk sanda na ga dama, ta yi mita ta gaji ta bari. Tagoginta kuma babu labule ko ɗaya, duk wanda ke benen da ke fuskantarmu yana ganin abin da take ci. Na sha yi mata tayin labule, tana cewa wanda ba ya ɓoye komai ba ya buƙatar tsumma a taga.

Bayan la'asar, in rana ta juya, kowaccenmu takan fito barandarta da kofinta, ƙarfe kawai ke tsakaninmu, muna hira da guntun Larabcina da guntun Turancina. Wata rana na ba ta labarin zango, yadda Bahaushe duk garin da ya sauka sai ya kafa unguwa da masallaci da mai tsire, har baƙon da ya zo gobe ya san inda zai ajiye kaya. Ta ce mun fi su wayo. Mutanen Holan ba su da ko lungu a Alkahira, 'yan kaɗan ɗin da ke nan suna can unguwar Ma'adi a bayan bishiyoyi, aikinsu na ƙarewa su tafi. To ita za ta gina musu unguwa. Da ɗan yatsa take ginin. Za ta nuna titinmu ta ce a haƙe shi, a jawo ruwa daga kogin Nilu a cika, a ɗora ƙaramar gada a tsakiya. Motoci duk a kore su, kowa ya hau keke har liman. Dogayen benayen nan a rushe, a jera 'yan siraran gidaje na jan bulo kafaɗa da kafaɗa, kowanne da babbar taga da tukunyar furanni. Shagon wayoyin nan ya koma na cuku, manya-manya kamar tayar mota. Kowa ya zo a kan lokaci, kowa ya share ƙofar gidansa, babu mai danna hon.

Ni aikina tsokana. “Iya, to mai ful fa? Da cuku za ki kashe mu?” Sai ta yi nazari kamar da gaske ake, ta ce, “Tamam, na yarda, a bar shi, amma ya tsaya a gindin gada.” Na ce masallaci fa? Ta ce, “Yana nan inda yake, wa ya ce a taɓa shi? Ladan dai a canza, wannan kullum cikin mura yake.” Washegari kuma ta ce a bar ladanin, ta saba da murar. Bawwab ɗinmu, wato mai gadin benen, wani dattijo da ba ya rabo da kofin shayi, ta naɗa shi mai ɗaga gada in kwalekwale zai wuce. Kwanduna ta ce dole a bar su, da mutanensu sun yi tunani da su suka fara ƙirƙiro su. Da na ga ana ta rabon fili ba a ambace ni ba, na ce ni dai ba zan zauna a gidan da ake kallon tuwona daga titi ba. Mun kwana biyu muna wannan ciniki. A ƙarshe ta ba ni gidan kan kwana mai kallon nata, ta yarda in sa labule, ni kaɗai a duk unguwar. Ta ƙara da cewa ni kaɗai ce aka yafe wa sa rana kafin in zo, tunda ko an hana ni ba na ji. Muka yi ta dariya har matar da ke ƙasanmu ta leƙo ta ga ko lafiya.

Duk wannan ni kewar gida na ɗauke shi. Da me zan auna in ba da kaina ba? Ni ma a barandar nan nake zama ina ɗokin ranar komawa, in na rufe ido tsakar gidanmu nake gani da turmi da kajin Inna. Sai na ɗauka duk mai yawan zancen ƙasarsu so yake ya koma. Ban taɓa lura cewa ko sau ɗaya Iya ba ta ɗauki unguwar nan ta kai ta Holan ba. A titinmu take haƙa ruwanta, da mai ful ɗinmu, da ladaninmu, da ni a kan kwana.

A shekarun nan Masar ba ta zauna lafiya ba. Yau zanga-zanga a Wustul Balad, wato tsakiyar gari, gobe dokar hana fita, jibi a ce kada iyalan ma'aikata su yi nisa da gida. Turawa da yawa suka tattara suka tafi, Iya ko gezau, ta ce ta ga abin da ya fi wannan. Abin da ya kayar da ita ɗauke wuta ne. Wata bazara wuta ta riƙa tafiya tana dawowa kamar ta gida, har ina yi mata tsiya cewa yanzu na ji ni a garinmu. Ranar da abin ya faru lif ɗin benenmu ya tsaya da tsakar rana, ta ƙi jira, ta biyo matakala da duhunta, ƙafarta ta zame, ƙashin ƙugunta ya karye. Da aka sallamo ta daga asibiti sai unguwa ta ɗauke ta. Bawwab da wasu maza suka hau da ita a kan kujera. Mai ful ya riƙa hawo da nata ba tare da an zuro kwando ba. Matar da ke ƙasanmu tana yi mata wanka, ni ina dama mata kunu, ina yi mata farfesu, ina gyara gado. Ita kuma tana kwance tana koya mana yadda ake ninke tawul.

Sai ɗanta Yusuf ya iso daga Holan, inda ya je karatu ya yi aure ya zauna. Mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya ga uwarsa a kwance, ya ga matakala, ya ga motocin sojoji a bakin titi, hankalinsa ya tashi. Ya ce zai tafi da ita. Ta ce babu inda za ta, a nan mijinta yake kwance, a gefensa za a sa ta, khalas, magana ta ƙare. Suka yi ta yi har ya gaji, ya zo ya buga mini ƙofa. Ya tsaya yana murza hannu ya ce, “Madam, ke kaɗai take jin maganarki. Na samo mata wuri a gidan kula da tsofaffi kusa da mu, akwai likita, akwai masu jinya. Don Allah ki yi mata magana.” Bai ɓoye mini komai ba. Amma ni da na ji ya ce kusa da su, sai na ga ɗa yana zuwa gaida uwarsa kowace safiya kafin ya wuce aiki, na ga matarsa da kwanon abinci, na ga jikoki suna hawa gadonta suna cinye biskit ɗin gwangwani. Haka ɗa yake da uwarsa a garinmu, ban san wani zama ba bayan wannan. Har murna na taya ta a zuci, na ce ɗa ya ƙetaro teku don ya ɗauki uwarsa, ai haihuwa ta yi rana. Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. Wa'adin aikin maigidana ya kusa cika, ina so in bar garin da zuciya sakayau.

Na shiga wajenta da hantsi, ba sa rana kamar kullum. Na zauna a bakin gado na kama hannunta na ce, “Iya, ki bi ɗanki.” Ta ce, “Ke ma?” Na ce ni ma. Na zazzage mata duk abin da kakata ta zuba mini, ina juya shi da guntun Larabcina. Na ce kowa ya bar gida gida ya bar shi. Na ce baƙo raɓa ne. Na ce a gaban ɗa ake tsufa, ba a hannun maƙwabta ba. Ta ce, “Binti, zamana a titin nan ya fi shekarunki a duniya. Wace baƙuwar?” Na ce a wajenmu ana cewa naka sai naka. Maganar tana da jela, na san jelar sarai, amma na tsaya a nan. Sannan na jawo abin da ya fi ƙarfi a hannuna. Na ce, “Unguwar nan da kike ta ginawa kullum, Iya, ai tana can a gine tana jiranki. Ruwan, da gadar, da kekunan, da cukun. Me zai sa ki zauna kina zana ta da yatsa a iska?” Ta daɗe tana kallona da idanun nan nata. Matar da ban taɓa ganin an ƙure ta a magana ba ta kawar da kai wajen taga. Can ta ce, “In ke ma kin ce in tafi, to ma'alish, ba komai.” Na fito ina jin na yi aikin lada, na gaya wa maigidana ya ce Allah ya saka mini.

Ranar tafiya bawwab ya yi kuka bai ɓoye ba, mai ful ya bar kurarsa ya zo ya sumbaci hannunta. Ta rabar da kayanta, ni ta miƙo mini kwandon, ta ce can ba a zuro kwando. Na ce in Allah ya yarda za ta samu abin da ya fi shi. 

Bayan wasu watanni Yusuf ya haɗa mu a kiran bidiyo, wata Lahadi da ya je duba ta. A ranar na gane Lahadi Lahadi yake zuwa in aiki ya bari, don tsakaninsu tafiyar mota ce. Ɗakin tsaf, fari tas. Ta rame, an taje mata gashi. Ya juya wayar ya nuna mini taga, wallahi sai da na dafe ƙirji. Ga ruwa kwance a tsakiyar titi, ga ƙaramar gada, ga jan bulo kafaɗa da kafaɗa, ga kekuna, ga furanni a tagogi, komai yadda ta zana. Na ce, “Iya, ga unguwarki! Ba na gaya miki ba?” Ta ce, “Eh, sun gina ta da kyau. Shiru ne dai.” Na tambayi maƙwabta, ta ce mutanen kirki ne, akwai wata da suka sa ranar shan gahawa a mako mai zuwa. Ta tambaye ni ko mai ful ya aurar da 'yarsa, ko ladan ya rabu da murarsa. Ta ce masu jinyarta suna cewa harshensu irin na mutanen dauri take yi, in ta manta ta yi musu Larabci sai su yi murmushi su gyara mata bargo. Da Yusuf ya ce lokaci ya yi, ta matso da fuskarta har ta cika wayar ta ce, “Binti, akwai gida a kan kwana yana kallon tagata. Kullum ina duba shi. Ba su sa labule ba.”

Dariya na yi a lokacin, don na ga tana murmushi. Sai da na ajiye wayar na fita kwashe shanya, na ga barandarta da aka riga aka ba wasu haya sun jibge ta da kwalaye, sannan maganar ta sauka mini. Na zauna a kan bokiti da rigar Alhaji a hannuna na yi kuka har mai iskar gas ya wuce ya dawo.

Mun koma gida ba da jimawa ba Yusuf ya sanar da maigidana rasuwarta. A can aka binne ta, mijinta yana Alkahira. Alhaji ya sha ce mini in daina ɗora wa kaina, kwana ne ya ƙare, kuma da ta zauna wa zai riƙe ta bayan mun tafi? Gaskiya ya faɗa, wataƙila da ta zauna ma wahalar za ta sha. Amma da ta sha ta a inda in ta yi tari wani zai ce mata sannu. Abin da ke cina har yau shi ne ɗanta ya gwada ciro ta ya kasa. Ni ce na ciro ta, ni da ta ba gidan kan kwana, kuma da unguwar da ta gina da yatsanta na tura ta.

Yanzu gwiwa ta fara gaya mini abin da ta gaya wa Iya. Na ga gidan ɗana na Abuja, katanga da waya a kanta, mai gadi sai ya kira ciki kafin ya buɗe wa baƙo. Ɗakin da ya ware mini akwai na'urar sanyi, akwai banɗaki a ciki, ya yi ƙoƙari, Allah ya yi masa albarka. Ban ce masa to ba, ban ce masa a'a ba. Ashe da ya gaji da ni ya bi ta wajen maƙwabciyata, wadda muke miƙa wa juna gishiri ta kan katanga. Shekaranjiya ta shigo da hantsi da kwanon ɗanwake, ta zauna a bakin gadona, ta kama hannuna. Tun kafin ta buɗe baki na san abin da ya kawo ta. Ta ce, “Hajiya, ki bi ɗanki mana. Naka sai naka.” Na ce, “Ƙarasa.” Ta yi dariya ta sunkuyar da kai ta ce, “Daɗin zama sai bare.” Na ce to kin ji, buɗe mana ɗanwaken. Muna ci ina kallon kwandon ta ƙofar kicin. Iya ba ta san maganar tana da saura ba, balle ta ce mini in ƙarasa.